Siradji da Husufin da Ya Makara

"Ni da rana ba ma ɓoye wa juna komai," in ji Siradji, mai gadin wata makarantar sakandare a unguwar Abena, cikin Injamena. "Shekara tara ina share ɗakin kimiyya. Abin da kunnena ya kwasa, ko farfesa bai ji rabinsa ba."

A unguwarsu ta Gardolé, Ministan Sama ake ce masa, shi kuwa da gaske yake amsawa.

A watan Maris na 2006 aka ce za a yi husufin rana. Madam Juwairiyya, malamar kimiyya a makarantar, ta shirya zuwa unguwar su Siradji da tabarau na kwali, don jama'a su kalla ba tare da sun ƙona idanunsu ba. Ta ba Siradji takardar sanarwa ya kai wa mai unguwa. Ya karanta a hanya, ya ninke, ya cusa aljihu. Ina Minista ina aike?

Ya zarce rumfar mahauta ya yi shela: "Laraba, takwas da rabi cif, wata zai shiga tsakaninmu da rana. Ni na lissafa."

Ummaru mahauci ya ce, "Lokacin ciniki ne fa, Minista."

"Nama kullum ne. Wannan ilimi ne. Ku rufe!"

Ranar Laraba suka lulluɓe nama suka fito, mata da maza. Siradji ya hau durom da bututun ruwa a kafaɗa, wai na'urar hangen nesa, ko gilashi ɗaya babu a ciki.

Takwas da rabi ta yi. Rana ko gezau.

"Ku ba ta minti biyar," in ji Siradji. "Hanyar da nisa."

Tara ta yi.

"Agogunanku ne na kasuwar Grand Marché, ba su da tarbiyya."

Tara da kwata, Ummaru ya leƙa rumfa ya dawo. "Minista, husufi dai ya kama, amma naman ya kama. Ƙudaje sun rufe shi ruf."

Siradji ya sauko a natse, ya ce zai duba lissafi. Yana shan kwana ya zuba da gudu. Ya faɗa ɗaki ya rufe taga, ya ce wa matarsa Zulaikha, "Kowa ya zo, na tsallaka kogi na tafi Kuseri."

Can sai ya ji unguwa ta ɗauki ihu: "Ga shi can! An kama shi! An fara cin gefensa!"

Wane bawan Allah mahauta suka kama a madadinsa? Ya shige ƙarƙashin gado ya ja tabarma.

Sai da aka kira azahar ya leƙo. Zulaikha na tsaye, tabarau na kwali a goshi.

"Madam ta zo da taksi jim kaɗan bayan ka gudu," ta ce. "Wai lokacin da ke takardar agogon duniya ne, namu na Cadi yana gaba da awa guda. An rubuta a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Kowa ya kalla. Ummaru har ya yi mata kyautar cinyar rago."

Siradji ya karkaɗe yanar gizo daga gemu, ya gyara murya. "Na san da haka. To, duhu ya yi sosai?"

"A'a. Madam ta ce cikakken sai can arewa, mu gutsure muka samu." Ta sauke tabarau ta dube shi. "Duk Injamena, kai kaɗai ka samu cikakken duhu."