Rasuwar Wayar Saura Kaɗan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsan da ya rasa abin yi, direban manaja, wanda abokan aiki ke kira Saura Kaɗan, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa. Ta riga mu gidan gaskiya jiya da rana, a filin ajiye motoci na ofis.

Marigayiya ba mai yawan surutu ba ce. Ba ta cika kiran kowa ba, kiran gida kuwa ba ta amsawa. Aikinta ɗaya ne: wasan nan da ake tare jar mota da manyan motoci, kowace gaba ko baya kawai take yi, sai ka yi dabara ka buɗe mata hanya ta fice. Mai haƙuri ce. In ya yi kuskure, sai ta ce "pip-pip" a hankali. In ya ci, ta yi masa tafi, abin da ba wanda ya taɓa yi masa, a gida ko a wajen aiki.

Tare suka yi ta hawa har mataki na ƙarshe, inda suka maƙale tun 'yarsa tana rarrafe. Yanzu yarinyar tana gudu, kamar yadda aka ba shi labari. Direbobi suka sa shi gaba da tsiya a kan bencinsu, shi kuma kullum amsarsa ita ce wadda ta zame masa suna. Burinsa a duniya bai wuce ya fitar da jar motar nan a kan idonsu ba.

Ta daɗe tana fama da zazzaɓi. Jikinta kan yi zafi zau, cikinta ya kumbura. Maganin da ya saba yi mata shi ne ya kwantar da ita a kan tayar baya ta motar manaja, ta sha inuwa.

Jiya dai dabara ta zo masa. Hanya ta buɗe fetal, saura ja ɗaya da yatsa. Bai ja ba, domin direbobi sun tafi cin abinci, shi kuwa shaidu yake so. Ya kai ta makwancinta ta jira. Can sai ga manaja ya fito a gaggauce, ga motarsa an tare ta gaba da gefe. Gogan naka ya ga ranarsa ta zo. Ya sa aka ja wannan gaba, aka mai da waccan baya, direbobi suka dawo suna kallo, ya shiga yana hura hanci, ya sa ribas.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙwas". Ya ji ya taka wani abu, sai ya yi gaba don ya duba, ya sake bi ta kanta.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin tsumma a wuya, da murfin roba da ya fita ba ko ƙwarzane, da matar mai makoki, wadda ta karɓi labarin da dangana har maƙwabta suka ji tana waƙa a kicin. Ba ta bar wasiyya ba. Sau da yawa ta roƙe shi ya tsaya ya adana wasan a intanet, yana ture roƙon da yatsa don yana sauri. Duk matakan sun bi ta, kuma ba direba ɗaya da ya yarda cewa hanyar ta taɓa buɗe masa.

Za a kai gawar gobe wajen mai gyara, wanda ya duba ta ya ce kusoshin za su yi amfani. Zaman makoki a kan bencin direbobi ne. Masu zuwa ta'aziyya su ajiye motocinsu nesa, don mai makoki bai daina tuƙi ba. Za su same shi da aron wayar matarsa, yana mataki na ɗaya, inda wani ɗan yatsa ke nuna masa yadda ake ja da baya.