Ranar da Sarkin Shiru Ya Saukar da Muryar Baba Datti

A'a, ku dakata! Masu cewa Darakta Salim bai iya haɗa bidiyo ba, hassada ce ke cin ku. Mutumin da kaf Kura shi kaɗai ke sa baƙin gilashi a cikin shago? Wanda abin sauraro ba ya barin wuyansa ko gaisuwar mutuwa za shi? Ku ji tsoron Allah.

Shi ne fa ya gano cewa murya ba a yanke ta gatsau. Wani ɗan layi ake ja a kwamfuta, ta yi ta yin ƙasa-ƙasa har ta ɓace, abin da Turawa ke kira fedawut. Tun daga ranar ba mu ƙara jin ƙarshen magana a garin nan ba. Ango na cewa "ina godiya ta musamman ga..." sai shiru. Tallan shinkafar Murja, "ku same mu a..." sai shiru. Masu saye na nan suna nemanta. Samari suka laƙaba masa Sarkin Shiru, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne, har ya rubuta a ƙofar shago.

"Ku mutanen karkara ba ku san fedawut ba," haka yake cewa yana kaɗa ƙafa. "Ƙwararre ba ya barin magana ta faɗi tim kamar buhun taki. Sauke ta ake yi kamar jirgin alhazai."

To, ana tsakiyar rani ciyawar kacala ta toshe kanal ɗin da ke kai wa wasu manoman Bunkure ruwa. Tumatir ya fara fure, ƙasa ta tsage. Suka yanke shawarar yin bidiyo a tura wa masu kula da ruwa, dattijonsu Baba Datti ya yi magana. Wa za a kira? Gwani mana.

Kowa ya san dattijo ba ya tunkarar manya da buƙata tsirara. Baba Datti ya yi sallama, ya yi salati, ya gaida shugabanni da iyalansu, ya yi godiyar gyaran da aka yi shekarun baya. Sai can a wutsiya ya sassauta murya: "Sai dai, ranku ya daɗe, ruwa ya daina zuwa. Amfaninmu na mutuwa. A taimaka a yashe mana kanal."

Darakta bai ji wannan ba, don shi da ido yake aiki, kunne na 'yan koyo ne. Ya duba allo, ya ga tsoho ya kusa gamawa, ya ja layinsa tun daga "sai dai". Ya ɗora wani kiɗa mai sanyi, ya saki a intanet ba tare da ya nuna wa kowa ba. Mai kyau ba ya jiran shawara.

Bidiyo kuwa ya karɓu! Masu kula da ruwan da aka yi bidiyon domin su har a shafinsu suka sa: manoman Bunkure sun yaba da aikinmu.

Washegari manoma suka cika shagon.

"Ɗan nan," in ji Baba Datti, "ina maganata?"

"Tana ciki, Baba. Ba ka ga yadda ta sauka lafiya ba?"

"Ni dai bakina na gani yana motsi kamar na akuya mai tuƙa."

Darakta ya miƙe, ya gyara gilashi. "Matsalarmu ke nan a Arewa, ba a girmama fasaha. Shirun nan da kuke rainawa ya fi magana nauyi. A ƙasashen da suka ci gaba..."

Cikin manoman, Ɗanbaba ya sa takalminsa. Muntari ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, har ya rage daga Darakta sai fanka. Bai lura ba sai da ya nemi tafi.

Shi ma tumatirin Baba Datti bai mutu gatsau ba. Fure ya zube, ganye ya yi rawaya, ya yi ta yin ƙasa-ƙasa har ya ɓace. Aikin ƙwararru.

Kanal ɗin dai na nan a toshe, kuma gonakin da ke ƙasa da ta Baba su ne a layi. Duk wanda ruwa bai kai wa ba, ya faɗa a nan ƙasan rubutun nan da babbar murya. Ku fara da ruwan, gaisuwa ta biyo baya. In Sarkin Shiru na so, ya sauke wannan.