Hoton Dakta Shitu a Durowar Likita

"Ni ko ta waya ciki ya yi ƙugi, na san ciwonsa!" Haka Shitu mai kemis a Unguwar Hajji ta Ƙaraye yake faɗa kullum. Kai ka ji, mutumin da iyakar karatunsa sharar kemis ɗin wani a Kano! Har ambulan ya buga da hotonsa, a ciki yake ƙulla wa manoma haɗin gajiya.

Ana cikin cirar gyaɗa sai surukinsa, Malam Hammawa na Falgore, ya zo riƙe da ciki. Shitu ya ɗan latsa. "Olsa ce, Baba. Ƙwaya uku safe da yamma."

Ciwo ya ƙaru, gogan ya mai da ita shida. Tsoho ya fara aman jini.

Barira matar Shitu ta ɗaure kayanta. "Wallahi in Baffa ya mutu a hannunka, na bar gidan nan."

Ba shiri aka nufi asibiti a Kano, uban iyayi a gaba yana gyara tabarau. Likita ta zura kyamara ta maƙogwaron tsoho, ta ɗebi gwaji, sannan ta kira su.

Shitu ya riga ta. "Ranki ya daɗe, ni ma abokin aiki ne. Olsa ce, ko?"

"Ba ita ba ce. Babu ƙwayar cutar da muka saba gani. Wannan kumburi daban ne, maganin kashe zafi ne ya ƙona fatar cikin. Da ba mu bambance ba, da ya ci gaba da sha har ciki ya huje. Mutum tara na gani daga Ƙaraye a watan nan."

Shitu ya buga tebur don Barira ta ji. "Jahilan masu talla ne a tasha! A ɗaure su!"

Likita ta buɗe durowa ta zube ambulan tara, kowacce da hoton Shitu yana murmushi. Ta dubi hoto, ta dubi Shitu. Gogan ya cire tabarau a hankali.

Malam Hammawa, bawan Allah, ya zaro tasa daga aljihu ya ɗora a kai.

"Likita, kar ki haɗa shi da 'yan tasha. Yaron kirki ne. Su sayar musu yake yi, ni kyauta yake ba ni, har da ƙari."