Darakta Barau Ya Fita Neman Malamin Lissafi

"Ni fa ko ta ƙeya na hango malamin makaranta, tafiyarsa kawai zan duba in gaya maka ko ya san aikinsa. Shekara ashirin da biyu na yi a harkar ilimi."

Wannan ita ce waƙar Malam Barau kullum a majalisar ƙofar masallacin unguwarsu a Gumel. Kuma ka ga, ɗan'uwa, ba ƙarya yake yi ba, ya yi shekara ashirin da biyun a ofishin ilimi. Abin da yake mantawa bai faɗa ba shi ne masinja ne. Babu fayil ɗin malamin da bai ratsa ta hammatarsa ba, amma ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba. 'Yan majalisa suka laƙaba masa Darakta don ba'a, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Har ta kai idan ka kira shi Barau tsurarsa sai ya yi kamar da wani kake.

To, Darakta yana da 'yar auta, Zakiyya, tana ajin ƙarshe a sakandare. Yarinya ce mai hankali, burinta a duniya ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Duk darussa tana tafiya daidai, lissafi ne kaɗai ya tsaya mata a wuya, kuma an gaya musu wanda bai ci lissafi da kyau ba ko fom kada ya wahalar da kansa ya cika. Saura wata huɗu jarrabawa. Ranar da ta dawo da sakamakon gwaji tana share hawaye da gefen hijabi, uwarta Hadijatu ta ce wa maigidan ya daure ya je makarantar ya ga malamarsu, ya ji ko akwai inda za a samar wa yarinyar ƙarin darasi.

Barau ya dube ta kamar ta ce ya je ya yi tallan kuka.

"Ni zan je neman shawara wajen ƙaramar ma'aikaciya? Hadijatu, wace ce ita a harkar nan? Ku ba ni mako ɗaya. Malamin da zan kawo gidan nan, sai an zo daga Dutse ana leƙensa."

Ranar Alhamis ya sa babbar riga ya hau mota sai kasuwar Maigatari, wai ya ji an ce mutanen tsallaken iyaka lissafi a jininsu yake. Allah da ikonsa kuwa, a rumfar mai shayi ya haɗu da wani kamilin mutum daga wajen Magarya, Abduljabbar, malamin lissafi na gaske, ya zo sayar da raguna biyu yana hutun makaranta. Mutanen can suna ce masa Mushe, domin da sunan nan suke kiran malamin boko. Mutumin ya fara bayani da Hausarsa mai daɗi, Barau ya ɗaga masa hannu. Ya ga mutane sun taru suna kallo, ina zai yarda a yi maganar manya da Hausa? Ya ce a yi Faransanci, ai shi ma yana taɓawa.

Mushe ya ce to. Ya yi masa dogon bayani da Faransanci cewa shi fa bai iya Turancin Ingilishi ba, kuma tsarin jarrabawarsu daban ne, anya zai yi wa yarinyar amfani? Barau yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Wi, wi." Duk abin da ya mallaka a Faransanci ke nan, kuma ya kashe shi kaf a zama ɗaya.

Da la'asar ya shigo gida yana fankama.

"Hadijatu, a share zaure, a kawo ruwa mai sanyi. Na kawo mushe."

"Ka kawo me?"

"Mushe. Babba ma kuwa. Yana ƙofar gida."

Hadijatu ta dafe ƙirji ta ce in dai da ranta ba za a shigo mata da mushe gida ba, talauci bai kai nan ba, ya mayar da shi inda ya tsinto. Bawan Allah Abduljabbar yana zaure yana jin komai. Sai da aka sha fama kafin a warware.

Aka kafa allo, aka zaunar da Zakiyya, Barau ya ɗauko kujera ya harɗe a gefe a matsayin mai sa ido. Mushe ya cika allo da lissafi tsaf, amma duk sunayen abubuwan da Faransanci suke fitowa. Idan ya juya su Hausa, Zakiyya ta buɗe littafinta na Turanci ta rasa inda suka dace. Kwana biyu ana wannan dambe. A na uku mutumin ya ajiye alli ya ce shi gaskiya yana tsoron Allah, ba zai ɓata wa yarinya lokaci ba, ai tun a Maigatari ya faɗa wa Alhaji bai iya Ingilishi ba, Alhaji ya ce wi.

Hadijatu ta leƙo daga bayan labule. "Malam, me wi ɗin take nufi?"

Barau ya ce ita kalmar tana da ma'anoni da yawa, ya danganta da yanayi.

A majalisa kuwa cewa ya yi shi ya sallami mutumin, don ya lura takunsa bai cika ba.

Mako ya zagayo. Ya ji labarin wani ɗan bautar ƙasa a Gagarawa da ake yabo, ya tafi takanas, ya tarar yaron ya gama hidimarsa ya koma garinsu tun bara. A motar dawowa ne ya ji wasu fasinjoji biyu suna gardama a kujerar baya. Ɗaya yana cewa duk ƙasar Gumel babu mai lissafin Farfesa Dogo na Sule Tankarkar, kafin ka yi motsi ɗaya ya lissafa goma. Ɗayan ya ce ai shi ya ga ranar da Farfesa ya zaunar da mutum bakwai a jere, duk suka tashi suna gumi.

Barau bai tambayi komai ba. Darakta ba ya tambaya. Washegari ya hau ɗan acaɓa, ya sha rairayi har cikin kunne, ya isa Sule Tankarkar yana cigiyar Farfesa. Aka nuna masa wani zanƙalelen mutum a gindin bishiyar maina, da tabarau mai ƙafa ɗaya an ɗaure ɗayar da zare. Barau ya ce masa ya ɗan taka ya gani. Dogo ya yi mamaki, amma ya tashi ya taka. Barau ya gyaɗa kai ya ce shi ke nan, wannan tafiyar masana ce. Ya tambaye shi ko zai iya koyar da yarinya. Dogo ya ce bai taɓa koya wa mace ba, amma in tana da kai, sati biyu ya isa ta fara kayar da maza.

Da suka iso gida Farfesa bai nemi allo ba, bai nemi alli ba. Tsugunawa ya yi a tsakar zaure ya fara tona ƙananan ramuka a jere, ya zazzage tsakuwoyi da 'yan karare daga aljihu. Barau ya raɗa wa Hadijatu cewa sabon tsari ne, daga ƙasashen waje aka kawo shi, su a ofis sun daɗe da sani.

Zakiyya ta tsaya da littafi a hannu ta ce a hankali, "Baba, wannan ai dara ce."

Dara ce kuwa. Farfesan dara ne, babu na biyunsa daga nan har iyaka. Kai da kake da hankali ka ce a nan za a ba shi haƙuri a sallame shi. Ina! Dogo ya ce tun da an zo, Alhaji ya zauna su taɓa ɗaya. Barau ya ce shi da ya yi zamani da manyan 'yan dara ba a gaya masa wasa. Ya naɗe hannun riga. Kwana uku, ɗan'uwa, ana buga dara a zauren da aka share don karatu, 'yan majalisa suka dawo nan da zama, Farfesa yana cin tuwon gidan yana cin maigidan. Wasa talatin da ɗaya, Barau bai ci ko ɗaya ba. Zakiyya tana ɗaki ita da littafinta, ta kasa ko wucewa ta zauren. A rana ta huɗu Hadijatu ta fito da tsintsiya da bokitin ruwa ta shafe jami'ar gaba ɗaya.

Wata guda ya tafi a banza. Yarinya ta rame, ta daina maganar aikin jinya. Da wani uban ne, da ya sauko. Barau kuwa sanarwa ya yi cewa malaman zamani duk sun lalace, shi da kansa zai karɓi aikin. Ya je kasuwa ya sayo koren biro, irin wanda ya ga manyan ofis suna sa hannu da shi, ya soke a aljihun gaba.

Bayan la'asar ya ce Zakiyya ta kawo aikin gidan da aka ba su. Tambaya ashirin ce. Ta fara nuna masa yadda malamarsu ta ce idan aka ninka lamba mai alamar ragi da wata mai alamar ragi, amsar tana komawa ta ƙari.

"Tsaya. Rashi sau rashi ya zama samu? A wace ƙasa? Ni da Dogo duk ba mu da mota, in aka ninka mu sai mota ta fito?"

"Baba, haka dokar take."

"Dokar wa? Kawo takardar nan."

Ya karɓe, ya zaro koren bironsa. Rabi a tara da sulusi, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya samu biyu bisa biyar, ya ja layi biyu a ƙasa. Zakiyya ta ce amsar tasa ai ba ta ma kai rabin da aka fara da shi ba. Ya ce idan babba yana aiki yaro shiru yake yi. Cikin minti ashirin ya gama duka, ya ce ta kai haka, kada ta taɓa ko ɗigo, ta ga yadda malamar za ta rikice.

Malamar ta rikice kuwa. Bayan kwana biyu sai ga takarda, ana neman mahaifin Zakiyya a makaranta.

Barau ya shaida wa majalisa cewa ga dukkan alamu so suke ya riƙa zuwa yana ba malamansu horo, zai duba ko yana da lokaci. Ya sha babbar riga da hula ƙube, ya hau adaidaita har ƙofar ofishin malamai. Ya tarar da su kusan goma a zaune. Malama Sharifa, mai koyar da lissafi, ta gaishe shi da ladabi, ta ba shi kujera, sannan ta shimfiɗa takardar a tebur. Sifili ne a samanta, ƙato, da jan biro.

Ta ce Zakiyya ba ta taɓa yin ƙasa da tara cikin ashirin ba, kuma wannan ba rubutunta ba ne. Ta ce ta tambaye ta wa ya yi mata, yarinyar ta ƙi faɗa, sai hawaye. Ta ce makaranta tana da ƙarin darasi kyauta duk Asabar ga masu jarrabawa, da izinin iyaye kawai ake shiga, kuma in aka fara yanzu tana da yaƙinin yarinyar za ta haye.

"Amma Baba, don Allah wane ne wannan da kuka ɗauko mata? Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ko da ka-cici-ka-cici mutum yake yi yakan dace da ɗaya."

Malamai suka matso, takarda ta fara yawo hannu zuwa hannu. Wani ya ce wannan ko awon hatsi aka ba shi sai ya tayar da faɗa a kasuwa. Barau ya gyara zama. Ya yi gyaran murya ya ce wani ne Malam Nura daga Gagarawa. Shi ma tun ranar farko bai yarda da shi ba. Jahili ne na ƙin ƙarawa, katako, kan kabewa, mai cutar 'ya'yan mutane, irin waɗanda ya kamata hukuma ta kama. Da ya ga suna gyaɗa kai sai ya ƙara wuta, ya ce da a zamaninsa ne a ofis, ko gadin makaranta ba zai bari a ba wannan dabbar ba.

Malama Sharifa ta ce gaskiya ne, ya kamata a gargaɗi sauran iyaye. Ta miƙo masa farar takarda ta ce ya taimaka ya rubuta sunan mutumin da unguwarsu, da lambar wayarsa in ya haddace.

Darakta ya zaro biro daga aljihun gaba, ya karkata kai irin na manya, ya rubuta suna, ya ƙirƙiro lamba, ya ja layi biyu a ƙasa.

Malama ta jawo takardar ta ajiye kusa da ta aikin gida. Kore da kore. Bakwai ɗin nan mai kama da lauje, ga ta nan, ga ta can. Wani malami ya tashi da sauri ya fita, ana jin tarinsa har bakin rijiya.

Malama Sharifa ba ta yi ko murmushi ba. Ta ninke takardun biyu ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, Zakiyya ta zo ranar Asabar ƙarfe tara. Shi kuma Malam Nura, in kun haɗu, ka ce masa muna da ajin 'yan shekarar farko, akwai wuri a bencin gaba. Amma don Allah ya zo da fensir, wanda ake iya gogewa."