Ranar da Na'ura Ta Tona Min Asiri a Tsibiri

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Talata ba, ranar da na yi jawabi a gaban manyan masana ba tare da kowa ya gayyace ni ba, ni ma kuma ban san ina yi ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Lafiya. Shekara da shekaru ina zana tsibiri a allo ina ce wa ɗalibai ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko ta ina, alhali ruwa mafi girma da na taɓa gani da idona shi ne dam ɗin Doma. Sai ga shi matata Rakiya, wadda ta karanta ilimin kwamfuta, ta samu aikin bincike a wani tsibiri can cikin tekun Indiya. Ni na ƙarfafa mata gwiwa, ni na raka ta filin jirgi a Abuja, har ina ɗaga hannu kamar wani jarumi. Da na dawo unguwarmu Bukan Sidi sai na tarar gidan ya yi min faɗi. 'Yarmu Ummi ta koma wajen kakarta, ni kuma daga dafaffiyar doya sai shayi (doyar ma rabinta ɗanya).

Aikin nata, yadda ta fahimtar da ni, ya shafi ƙirƙirarriyar basira. Mutanen tsibirin suna fama da guguwa, kuma wayar intanet ɗinsu ta ƙarƙashin teku take zuwa. Idan ta tsinke, asibiti da masunta da masu hasashen yanayi duk sai su zauna jugum. Don haka suke kafa ƙananan cibiyoyin na'ura a wurare daban-daban, masu aiki da hasken rana da iska, ana sanyaya su da ruwan teku, yadda idan ɗaya ta mutu sauran za su ci gaba ba tare da jiran wata ƙasa ba. Ina jin ta tana wannan bayani a waya, ina cewa "ƙwarai, ƙwarai", amma gaskiya muryarta kawai nake saurare.

To, aka shirya babban taro a can, ita ce za ta gabatar da aikin rukuninsu, kuma sai taron ya yi kyau za a bari aikin ya ci gaba. Ta turo min hanyar shiga ta bidiyo. Na sa babbar rigata ta sallah, na zauna a ɗakin malamai da kwamfuta a gabana. Abokin aikina Mista Audu, mutumin Eggon mai koyar da lissafi, ya leƙo ta kafaɗata.

"Malam, matanka ne wannan? Kai, ya iya Turanci fa!"

Aka buga ƙararrawa ya tafi aji, ya bar ni da ita. Ga Rakiya a kan dandamali da shuɗin mayafin da na saya mata, kusa da ita wani farfesa mai sanƙo yana ta gyaɗa kai. Tana cikin cewa yanzu za ta nuna wani abu, sai hoton ya daskare. Sauti ya ɗauke. Netiwok ɗinmu ya yi halinsa, in ji ni a raina.

Fuskarta ta tsaya cak a gabana, baki a ɗan buɗe kamar za ta kira sunana. Ɗakin ba kowa. Ban san lokacin da na kai yatsa kan gilashin ba.

"Rakiya, kin rame," na ce. "Wa ke ba ki tuwo a can? Kifi kullum, kifi kullum. Ni ma ban da lafiya, wallahi. Zanen da kika bari a bayan ƙofa har yau ban wanke ba, don kar ƙamshin ya tafi. Ki gama gyara musu tsibirin ki dawo ki gyara ni." Na ja numfashi, sannan Shaiɗan ya ƙara min da cewa, "Shi kuma wannan mai sanƙon, me yake ta matsowa kusa da matar mutane?"

Abin da ban sani ba shi ne, a daidai lokacin da hotona ya daskare ne ta sanar cewa za a buɗe makirufon duk wanda ke kan layi, kowa ya yi magana da harshensa, don a ga na'urar tsibirin tana fassara da kanta. Hausa kuwa Rakiya ce da hannunta ta koya mata. Hoto ne ya ƙi zuwa wajena; muryata ta haye teku lafiya lau.

Da hoton ya dawo, sai na ga mutane cike da zaure, wasu sun kife kan tebur. A babban allon bayanta ga maganata baƙi da fari, da Turanci da Faransanci, ga sunana a sama. Farfesan ya shafa kansa, ya ɗaga kujerarsa ya matsa gefe sosai, zauren ya sake fashewa da dariya har da tafi. Rakiya ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa maimakon in kashe makirufo, sai na ce "Innalillahi!", na'urar ta fassara wannan ma.

Na rufe kwamfuta na fita, na shiga ajin da ba nawa ba na fara koyar da su duwatsu.

Da la'asar ta kira. Na daɗe ina kallon wayar kafin in ɗauka, na tabbata na rusa mata aiki.

"Baban Ummi," ta ce, muryarta tana rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka. "Farfesa yana gaishe ka. Ya ce bai taɓa ganin gwajin da ya gamsar da mutane haka ba, tunda na'urar ba ta yar da ko kalma ɗaya ba."

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Tunda na zo nan nake tambayarka ya gida, kana ce min lafiya lau. Ashe sai ka ga na daskare kake iya faɗa min gaskiya?"

Can nesa a bayanta ina jin wani shuu, shuu, na tambaye ta ko layin ne ke lalacewa. Ta ce a'a, teku ne. Muka tsaya muna saurarensa tare.

Har yanzu ba ta dawo ba, da sauran watanni. Amma na koyi darasi: idan kewar matarka ta dame ka, ka kira ta ka faɗa mata ita kaɗai tun da wuri. In ka tsaya nauyin baki, ranar da zancen zai fito, da Faransanci zai fito, a gaban baƙi.