Aksil ɗin Baya Ya Rasu da Ƙishirwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni direban a-kori-kurar nan mai dakon bulo, a madadin iyalina da tayoyin baya, nake sanar da rasuwar aksil ɗin motata, wato tulun ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashinta yana raba wa tayoyin baya ƙarfi.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya son a san da zamansa. Inji kullum cikin roƙon mai yake, batir kan yi yaji da sassafe, amma shi bai taɓa kawo ƙara ba. A bayansa muka ci, muka sha, yara suka shiga makaranta. Kwanan nan ne ya soma wani siririn kuka, "wuuu", in mun hau titi. Bakanike ya ce man cikinsa ne ya tsufa, a kawo shi a yi masa juye.

Ana haka sai surukina, mahaifin maiɗakina, ya kawo mana ziyara. Da ya ji zancen, ya ce yana raye ba za a kai wannan ɗan aikin gareji ba, shi da ya yi zamani da manyan motoci. Wa ya isa ya ce wa suruki a'a? Ni na shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin mota, ni na riƙa miƙa masa sifana.

Aksil ƙofa biyu gare shi: ta ƙasa ta zubar da mai, ta sama ta ɗurawa, kuma ta saman ake fara gwadawa ko za ta buɗu. Baba ya fara da ta ƙasa. Mai ya tsiyaye tas. Da ya koma ta sama, tsatsa ta ce atafau. Ya murɗa, ya buga, ya haɗa gumi, sannan ya toshe ƙasan, ya fito yana karkaɗe riga.

"Ja ta a hankali zuwa gareji," in ji shi, "ragowar maiƙon zai kai ka."

Bai kai ni ba. Kalaman marigayin na ƙarshe su ne "ƙarr, ƙarr, gau", a tsakiyar shataletale, mutane na danna mana hon.

Ya rasu ya bar tayoyi biyu, ɗaya suɗaɗɗiya, da galan na sabon mai da ko buɗe shi ba a yi ba, da ni, zaune a gida, masu gini na nemana ruwa a jallo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai dai maiɗakina ta roƙe ni da hawaye in ce ajali ne, don a zauna lafiya. To, ajali ne.

Gobe da hantsi za a ɗauko shi daga gareji, a raka shi makwancinsa wajen 'yan gwangwan. Zaman makoki a ƙofar gidana, kuma Baba ne zai karɓi gaisuwa, tunda shi ne babba. In ya ce ƙarfen zamani ba shi da ƙwari, a taya ni gyaɗa kai. Masu zuwa da mota su daure su ajiye ta can nesa da layinmu, domin Baba ya yi alƙawarin duba wa kowa tasa kyauta.