Darakta Ya Tausaya wa Fure

"Lafiya lau, sai zafi. Ya mai jego?"

"Mai jego ta fi ka ƙoshin lafiya. Matsa in ga kayana."

Haka Rakiya ta amsa gaisuwar Lukmanu, ko jakarta ba ta sauke ba. Kwana goma sha biyu ta yi a Kwali wurin 'yarta da ta haihu, ta bar masa amanar furannin da take sayarwa a ƙofar gidanta, bakin titin Dutse Alhaji. Taubashinta ne, ɗan kawunta, mataimakin darakta a wata ma'aikata, mutumin da ko kofin shayinsa ba shi ke ɗauka ba. Abu ɗaya tal ta roƙe shi. Akwai tukunya arba'in na anjeloniya, furen nan mai ruwan hoda da ba ya jin rana, waɗanda Madam Christiana ta yi oda don ƙofar makarantarta. Yau da la'asar za ta aiko mota, in kuma sun yi mata, duk aikin furen makarantar na Rakiya ne. Ya zuba musu ruwa sau ɗaya duk bayan kwana biyu. Shi ke nan fa. Wannan har aiki ne?

"Arba'in cif," in ji Lukmanu, yana karkaɗe farar shaddarsa. "Ƙirga, baiwata. Na san halinku, ba ku yarda da iyayen gidanku."

"Wane ubangida? Uwata ce ta goyi ubanka, har fitsari ya yi mata a baya."

"Albarka ya sa mata."

Rakiya ta bi layin tana dubawa. Talatin na tsaye cikin ranar Maris, sun yi fure tun daga gindi har sama. Da ta isa layin ƙarshe sai ta tsaya. Goman nan sun fi 'yan uwansu tsawo, ganyensu ya yi faɗi, furen ya yi wani irin buɗe baki.

"Waɗannan me suka ci?"

"Kulawa. Sabon iri ne ya fito a hannuna. Ina tunanin sa masa sunana."

Rakiya ta tsinki ganye, ta ɗiga masa ruwa daga jarka, ta murza. Da ta raba yatsunta sai ga yauƙi ya miƙe zarara kamar zare.

"Lukmanu."

"Na'am."

"Fure yana yauƙi?"

"Na ƙasar waje yana yi, in ya ji daɗi."

"Karkashi ne wannan."

"A Kano ne yake karkashi. Nan Abuja ya samu ƙarin girma."

"Ina furena?"

Ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga kai sama kamar mai neman hadari.

"Ba su sha wahala ba, wannan kam zan iya rantse miki. Ranar da kika tafi na biyo da azahar, na tarar kin shanya bayin Allah a rana, ko rumfa babu. Ni da nake cikin takalmi sai da tafin ƙafata ya yi ƙorafi. Na ce wannan zalunci ba da ni ba. Sai na ɗauki goma na kai gida."

"Me ya sa goma?"

"Gwaji. A ofis ba ma fara aiki da duka, sai an gani a kaɗan tukuna."

"Allah na gode maka da ka yi shi ma'aikacin gwamnati. Ka kai su gida, sai aka yi yaya?"

"Falo na sa su, ƙarƙashin esi, su sha sanyi. Ruwa sau biyar, duk bayan salla, kuma na firji. Da aka ɗauke wuta har janareto na tayar musu, abin da ban taɓa yi wa matata Rukayyat ba, shekara goma sha tara muna tare."

Rakiya ta dafe ƙugu. Abin da take faɗa wa kowane mai saye tun kafin ya taya, shi ne yau za ta faɗa wa ƙato mai digiri biyu.

"Kai, furen nan rana ce abincinsa! In bai sha ta awa shida ba, ba ya barci. Sai ƙasarsa ta bushe ake ƙara ruwa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe. Da ganyen ya fara zama ruwan ɗorawa ba ka gane ba?"

"Na gane. Na ƙara ruwa."

"Waɗanda ka bari a rana fa?"

"Ga su nan, marasa godiya. Sau uku kacal na leƙo su, sai fure suke kamar da gayya."

"Karkashin kuma?"

"Wata mai lambu ce a bayan unguwarmu. Na nuna mata hoto a waya, ta ce tana da shi buhu-buhu. Da ta ji dasawa zan yi a tukunya sai da ta zauna don dariya. Na ɗauka farin jinina ne."

"Madam Christiana 'yar Kwali ce, Lukmanu. Da miyar karkashi aka yaye ta. Daga cikin mota za ta gane shi."

"Sai ki ce garaɓasa ce. Yara su kalla, malamai su yi miya."

"In ce mata na tafi wankan jego na bar wa darakta, ko? Gobe duk Dutse a ji Rakiya na sayar da kayan miya da sunan fure."

Ta ciro waya, ta sake murza ganyen, ta ɗauki hoton yauƙin da farar shadda a bayansa.

"Ina za ki kai wannan?"

"Zauren dangi na waya. Kawu zai fara gani. Ya sayar da shanu biyu ya kai ka jami'a, gara ya ga abin da ya saya."

"Tsohon yana da hawan jini."

"To ka tausaya masa. Amma kar ka kai shi falo."

Lukmanu ya dubi agogo. Ɗaya da kwata.

"Akwai inda ake samun irinsa? Na gaskiyar."

"Wurin Kure mai lambun fure, a Jikwoyi. In ka tashi mota yanzu, hanyar Nyanya ba ta cushe ba, ma dawo kafin la'asar. Kuma a kujerar baya za su zauna, da ƙasarsu da komai."

"Kujerar fata ce, Rakiya. Ga shi ina da mitin ƙarfe biyu."

Ta ɗora babban yatsa a kan waya, ta zuba masa ido.

Ya yi ajiyar zuciya, ya ciro tasa wayar, ya kira sakatarensa. Fuskar nan ko gezau.

"Silas, ka gaya wa oga ba zan samu mitin ba. An yi mana rashi a gida." Ya saurara. "Goma." Ya sake saurarawa. "A'a, a'a, kar ku wahalar da kanku da zuwa gaisuwa. Yanzu zan je Jikwoyi in sayo wasu."

Rakiya ta cije leɓe, ta cije, abin ya ƙi. Dariyar ta ƙwace mata har jakar ta faɗi ƙasa. Lukmanu ya sunkuya ya ɗauka, ya buɗe mata ƙofar mota.